Uban yara ya ƙi ba da kuɗin ciyarwa: yadda ake bin haƙƙinsu a Abuja har kuɗi ya shigo hannu

Tun da labari ya bazu cewa ni na riƙa raka ƙanwata kotu har Allah ya sa tsohon mijinta ya fara biyan kuɗin yaransa uku, wayata ba ta huta ba. Wata ta ja ni gefe a Islamiyya, wata a gidan suna, wata ma sha ɗayan dare za ta kira ta ce Anti don Allah ta ina ake farawa. Toh bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya yadda muka bi, da inda muka yi kuskure, da abin da lauyar da ta taimake mu ta koya mana. Da mata nake magana don su suka fi tambaya, amma kaka ko goggo ko kawun da aka bar wa yara aka yi ɓatan dabo, hanyar ɗaya ce.

1. Sayi littafi tun yau

Kafin ki je wurin kowa, ki sayi littafi ko da fotilif ne, ki fara rubuta duk abin da kike kashewa a kan yaran da kwanan wata. Abinci, sabulu, famfas, kuɗin mota zuwa makaranta, kuɗin Islamiyya, magani, aski, komai. A wani shafin kuma ki rubuta abin da shi ya turo, ko dubu biyu ce ki rubuta, kar ki ɓoye, don ranar da ya fito da alat ɗinsa a gaban alƙali ke kuma kin riga kin ce ko sisi bai taɓa bayarwa ba, shikenan sauran maganarki duk ta raunana ko da gaskiya ce.

Sai ki haɗa takardu a jaka ɗaya: takardar saki, takardar aure in akwai, takardar haihuwar kowane yaro wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bayarwa, rasit ɗin makaranta, na asibiti, na haya, da bayanin shige da ficen asusunki daga banki. Saƙonnin WhatsApp ɗin da kuka yi, musamman inda yake cewa zan turo ƙarshen wata ko ba zan bayar ba ki yi abin da za ki yi, ki ɗauki hotonsu ki tura wa wata amintacciya, kuma kar ki goge na cikin wayar don ana iya cewa a kawo wayar a gani. Kowace takarda ki yi fotokwafi uku, ta ainihin ta zauna a hannunki.

Gargaɗi, kuma nan ne muka fi yin asara: a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke bi, kuɗin ciyar da yara na watannin da suka wuce yana iya faɗuwa daga kan uba, sai dai in alƙali ya riga ya yanka masa, ko kuma wanda ya ciyar ɗin bai yi da niyyar kyauta ba, ya yi ne da nufin a biya shi, kuma uban yana da hali a lokacin. Ƙanwata ta yi shekara biyu tana haƙuri tana sayar da zannuwanta, da muka zo neman na baya aka tambaye ta wa kika gaya wa cewa bashi kike binsa, sai ta yi shiru. Don haka ki samu maza biyu masu mutunci, ki faɗa a gabansu cewa abin da kike kashewa za ki nema a wurin ubansu, ki kuma tura masa saƙo a rubuce da wannan maganar. Kar ki bari shekaru su taru.

2. Ki san inda yake da abin da yake samu

Kotu ba ta nemo miki mutum. Ke za ki kawo adireshin gidansa, wurin aikinsa ko lambar shagonsa a kasuwa, lambar waya, lambar mota, da bankunan da yake amfani da su. Tsohon alat ɗin da ya taɓa turo miki yana nuna sunan bankin, kar ki manta da su OPay da Moniepoint da PalmPay don 'yan kasuwa da yawa can kuɗinsu yake kwana yanzu.

Ki lura da iyaka. Mu a baki duk Abuja muke cewa, amma Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ne, Suleja da Madalla jihar Neja. In can yake zaune ki faɗa wa magatakardan kotu tun ranar farko, don kai sammaci wata jiha yana da nasa ƙa'idar, wani lokacin ma ya fi miki sauƙi ki shigar da ƙarar can inda yake.

3. Lissafin abin da za ki nema

Kar ki shiga ki ce ya riƙa ba ni abin da ya sawwaƙa, kuma kar ki ambaci kuɗin da ke kanki kin san ba shi da su don kawai ki huce. Alƙali hali yake dubawa, ayar Suratuɗ Ɗalaƙ ma cewa ta yi mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Dokar haƙƙin yara ta 2003 a sashe na 14 ita ma gwargwadon ƙarfin iyaye ta ce. Mutumin da yake ɗaukar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba za a yanka masa 150,000 ba.

Ki raba lissafin gida huɗu: abinci da ƙananan buƙatu na wata-wata, kuɗin makaranta na kowane zango, asibiti, sai sutura da wurin kwana. In kina shayarwa bayan idda ta ƙare akwai ladan shayarwa, in kuma da ciki aka sake ki ciyar da ke na kansa har ki haihu. Mata da yawa ba su san waɗannan biyun ba sam.

4. Sulhu, amma na takarda

Ki fara ta gida, waliyyinki ya samu nasa magabatan, in bai yiwu ba limamin unguwa ko mai unguwa ko sarkin Hausawan yankinku. Ko ba komai gobe a kotu za a ga ba ke kika fara da tsalle ba. Amma ki sa wa abin wa'adi a ranki, wata ɗaya ko biyu, don akwai mazan da sun gane cewa zaman sulhu hanyar cin lokaci ce, za a zauna ya sunkuyar da kai ya ce Baba in sha Allahu zan gyara, a yi fatiha a watse, ya turo dubu biyar sau ɗaya shikenan an koma gidan jiya.

Masu zuwa daga Kano suna yawan tambayata ina ofishin Hisba. Babu a nan. Abin da muke da shi: ofishin walwalar jama'a da ake kira Soshiyal Walfiya, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, ƙungiyar mata lauyoyi FIDA, ƙungiyar kare haƙƙin mata WRAPA, da hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta wato Legal Aid Council a Garki. Waɗannan sukan rubuta masa takardar gayyata, kuma wallahi wani namijin ganin takarda mai hatimi ta iso ofishinsu gaban abokan aiki kaɗai ya isa ya sa ya nemi a zauna.

Duk abin da aka amince a rubuta shi: nawa, ranar nawa ga wata, ta wane asusu, wa zai biya makaranta. Ya sa hannu, ki sa, shaidu su sa. Sannan ki nemi a kai takardar gaban kotu a mayar da ita hukunci, don takardar da aka rubuta a falon Alhaji hujja ce kawai, ba za a iya kama kayan mutum da ita ba.

Gargaɗi biyu a nan. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum saboda rigimar da ba ta laifi ba, za ki kashe kuɗin mota ne kawai a ce ku je ku sasanta. Na biyu, kar ki hau Facebook ki sa hotonsa kina zagi, zai juya ya maka ki a kotu kan ɓata suna, ke da kika zo neman kuɗin madara ki koma neman beli.

5. Wace kotu

In auren Musulunci kuka yi, kotun yanki wato Eriya Kot ita ce taki, akwai su a Kubwa, Gwagwalada, Zuba, Gudu da sauran wurare, ki je mafi kusa magatakarda zai gaya miki ko hurumin su ne. Ita ta fi araha, ba dole sai da lauya ba, kuma za ki iya bayani da Hausa. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Gudu.

In auren rajista ne irin wanda 'yan uwanmu Kirista suka fi yi, maganar saki da kuɗin yara tana Babbar Kotu ƙarƙashin dokar aure ta 1970, nan kam ki nemi lauya. Sai kotun iyali wadda dokar haƙƙin yara ta kafa a matakin majistare da na Babbar Kotu, ita ruwanta da yaro ne duk wanda bai kai shekara 18 ba, ba ta tambayar irin auren da aka yi. Wadda ta haihu ba aure, can ya kamata ta nufa, don kotun Musulunci ba za ta jingina wa namijin yaron ba balle ta ɗora masa ciyarwa.

6. Shigar da ƙara da kai sammaci

Ki je da sassafe da jakar takardunki, ki nemi ofishin magatakarda ki ce kin zo shigar da ƙara kan ciyar da yara. Ki tabbata an rubuta duka buƙatunki tun farko, na wata-wata, makaranta, asibiti, bashin baya, da tabbatar miki da riƙon yaran, don abin da ba ki nema ba alƙali ba zai ba ki ba. Ki sa a karanta miki abin da aka rubuta kafin ki sa hannu.

Maganar kuɗi: na shigar da ƙara ba shi da yawa, mu dai abin da muka kashe a mota da fotokwafi ya ninka shi. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit, ki rubuta lambar ƙararki a bangon littafinki. Sai kuɗin motar ma'aikacin da zai kai sammaci, wannan ya danganta da nisa. Shawarata ki haɗa shi da ƙaninki ko wani namiji da ya san mutumin a fuska su tafi tare. Mu sau biyu ana dawowa ana cewa ba a same shi ba, ashe shi ne yake fitowa da kansa ya ce ai mai gidan ya yi tafiya. In yana ɓuya, ki roƙi kotu ta ba da izinin a liƙa sammacin a ƙofar gidansa ko a kai wurin aikinsa. Kar ki raina wannan matakin, shari'ar da ba a tabbatar sammaci ya isa ba ana iya rushe ta gaba ɗaya daga baya.

7. Ranar zama

Ki riga alƙali zuwa, kar ki yi fashi ko sau ɗaya, in mai ƙara ba ta zo ba ana iya korar ƙarar. Ki yi magana da alƙali, ban da cacar baki da shi mutumin, ki bar tarihin kishiya da abin da uwarsa ta yi miki, ba shi ya kawo ki ba. Tun zaman farko ki roƙi a sa ya fara ba da wani abu na wucin gadi kafin a gama shari'a, don ɗage zama ba ya hana yaro jin yunwa.

Abu uku za ki ji daga bakinsa, kusan dukkansu haka suke kamar makaranta ɗaya suka yi.

Na farko ba ni da hali. Nan bayanan mataki na biyu za su yi aiki, mutumin da ya ƙara aure watan jiya ya yi lefe akwati shida ko ya canja mota, ki kawo shaida a kai, ki roƙi kotu ta sa ya kawo takardar albashinsa.

Na biyu, toh ta ba ni 'ya'yana. Wannan ita ce barazanar da ta fi sa mata janye ƙara, ƙanwata ranar da ta ji haka kwana ta yi tana kuka ta ce a bar maganar. Ki kwantar da hankalinki. A Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, kuma riƙon yana hannunki ciyarwa tana kan uban. In kin yi wani auren riƙo yakan koma wurin mahaifiyarki ne kafin a zo kansa. Abin da zai iya kayar da ke shi ne ya tabbatar yaran ba sa samun kulawa ko tarbiyya, don haka ki zo da sakamakon makarantarsu da katin asibiti. Kuma kar ki hana shi ganinsu don bai biya ba, wannan makami kike miƙa masa.

Na uku, wanda ya shafa wa idonsa toka ya ce ba nasa ba ne. Yaron da aka haifa cikin aure bayan wata shida da ɗaura shi na mai shimfiɗa ne wato mijin, ba a kore shi da maganar baki. A kotun iyali kuma alƙali yana da ikon ya sa a yi gwajin jini.

8. Abin da hukuncin zai ƙunsa

Ki roƙi a ambaci adadi, da ranar biya, da asusun da za a saka. Kuɗin makaranta ya fi kyau ya biya kai tsaye ya kawo rasit. In kin san shi da musu ki nemi ya riƙa biya ta hannun kotu. Hukuncin da ya ce ya ci gaba da kula da yaransa kawai ba tare da lamba ba, ba abin da za ki iya yi da shi. Bayan an yanke ki nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ki biya ki karɓa a makon, kar ki ce sai an kwana biyu.

9. An yanke, ya ƙi biya

Nan ne fa tsugune ba ta ƙare ba, kuma nan mafi yawa suke sarewa. Ranar da aka yanke mana har shinkafa muka dafa, ya biya wata biyu ya yi kunnen uwar shegu, muka zauna muna jiran kotu ta neme shi har wata huɗu. Ashe kotu ba ta san bai biya ba sai kin koma kin faɗa. Kar ki jira, wata ɗaya ya tsallake ki koma kotun da ta yi hukuncin da littafinki da bayanin banki, ki ce kin zo neman a zartar da hukunci.

Abu na farko da aka saba yi, a sake aika masa sammaci ya zo ya faɗi dalilin da ya sa bai bi umarni ba, a bincika abin da yake samu. Wanda da gaske ya karye ana iya sassauta masa ya riƙa biyan bashin kaɗan-kaɗan, ki karɓa, ya fi babu. Wanda kuma aka ga yana da hali taurin kai ne, alƙali yana da ikon tsare shi a gidan gyaran hali, kuma zaman da zai yi ba ya goge bashin. Namu bai kai ga shiga ba, jin alƙali ya ambaci kalmar kaɗai yayansa ya fita waje ya yi tiransifa, kuɗin da aka yi wata huɗu ana rantsuwa babu su suka fito cikin minti goma.

Hanya ta biyu ita ce ta banki, lauyoyi suna ce mata ganishi. Kotu za ta umarci bankin ya riƙe abin da ke asusunsa ya zo ya yi bayani, a ba da aƙalla kwana 14 kafin zama, in ba wata matsala sai a ba da umarni na biyu a biya ki. Wannan aikin lauya ne, ki koma wurin FIDA ko Legal Aid. Sirri shi ne komai a nan, in kika gaya wa ƙawa ta gaya wa ƙawa ya ji, kafin takarda ta isa banki ya kwashe ya mayar asusun amarya. Ki kuma auna lokaci, ma'aikaci ƙarshen wata asusunsa yake da nauyi. In ma'aikacin gwamnati ne, bin kuɗin tun yana hannun ma'aikata yana buƙatar yardar Antoni Janar wato babban lauyan gwamnati, doguwar hanya ce, bin asusunsa bayan albashi ya sauka ya fi sauri. Masu auren rajista kuma dokarsu ta ba da damar a riƙa cire kuɗin daga albashi kai tsaye, lauyarki ta nema.

Ta uku kama kaya, mota ko babur ko kayan shago, a yi gwanjonsu a biya ki. Akwai kuɗin ma'aikata da na motar ɗauka da za ki fara fitarwa, don haka ki duba ko bashin ya kai. Kuma don Allah kar ki nuna kujeru da gado da firjin ɗakin amarya, kin san dai a al'adarmu iyayenta suka yi mata, nata ne, za ta zo da rasit a sake su ki yi asarar kuɗin mota ki ƙara da baƙin jini. Ki nuna abin da sunansa ke kan takardarsa.

In ya gudu wata jiha hukuncin bai mutu ba, ana karɓar takardar shaidar hukunci a yi mata rajista a kotun can a ci gaba.

Akwai kuma ta ƙarshe wadda ni ban so a fara da ita. Dokar hana cin zarafi ta 2015 da ake kira VAPP tana aiki a Abuja, sashe na 16 ya mayar da yin watsi da mata ko yara ba tare da abin rayuwa ba laifi, hukuncinsa ɗauri har shekara 3 ko tarar da ba ta wuce Naira 500,000 ba ko duka biyun, kuma hukumar yaƙi da safarar mutane NAPTIP ce take kula da dokar. Tana da amfani ga wanda ya tsere gaba ɗaya ko yake haɗawa da duka da barazana. Amma ki tuna tarar aljihun gwamnati take shiga, kuma wanda yake ɗaure ba ya kawo cefane, ga yaran wata rana za su tambaye ki.

Duk cikin wannan za a yi ta zuwa miki da ban baki, har daga gidanku, a ce ki bar shi da Allah, uban 'ya'yanki ne, kar a ce kin ɗaure shi. Ki amsa da ladabi, ki ce Baba in ya biya yau gobe ba zan koma ba. Amma kar ki janye ƙara a kan alƙawari, kar kuma ki sa hannu a takardar yafe bashi sai kin ga alat.

10. Idan kuɗin ya daina isa

Abin da aka yanka shekara uku da suka wuce yau ko buhun masara da ƙyar, ga yaro ya shiga sakandare. Ana komawa kotun a nemi ƙari, ki je da sabon lissafi da sababbin rasit, shi ma yana da damar neman ragi in aikinsa ya tafi. Ƙanwata yanzu littafinta na uku take ciki, watan gobe in an koma makaranta za mu je neman a ƙara na babbar.